Jinyar Kawu a asibitin gwamnati a Legas: ma'aikata sun yi nasu, wa zai amsa sauran?

Wanda duk ya tambaye ni ko ya kai mara lafiyarsa babban asibitin gwamnatin da muka yi jinyar Kawu, zan ce masa ya kai, amma ya tafi da kuɗi a hannu, da matasa biyu masu ƙarfin ƙafa, da wanda yake jin Yarbanci ko buroka. Likitocin sun san aikinsu. Ƙafar da ciwon suga ya ci, wadda wani asibitin kuɗi ya ce sai an yanke daga gwiwa, tana nan a jikin Kawu, yatsa ɗaya kawai aka cire. Wannan alheri ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sunan asibitin kuwa ba zan kama ba, domin idan ƙorafi ya fito fili a kan ƙaramin ma'aikaci ake hucewa, su kuwa ƙananan nan su ne suka tsaya mana.

Ni hatsi nake sayarwa a Agege, a nan aka haife ni. Kawu ya tsufa a fataucin goro, bai taɓa kwana a asibiti ba sai wannan karon. Da dare muka kai shi a keke Napep, jikinsa zau da zazzaɓi, gyambon ya fara wari. Maganar farko da aka tare mu da ita a sashen gaggawa ita ce babu gado. Ba a kore mu ba, gaskiya. Wani likita matashi ya fito ya auna sugansa a kan kujerar roba, ya sa masa ƙarin ruwa, aka rataye ledar a ƙarfen taga. A kan kujerar nan dattijo ya kwana, sai washegari da aka sallami wani ya samu gado.

Kafin ma a ɗaura ruwan an miƙo mini takarda: safar hannu, sirinji, auduga, filasta, ruwan kansa. Kantin maganin asibitin yana da rabi, sauran sai kemis ɗin tsallaken titi, da tsada. Tsarin biyan kuɗi shi ya fi gajiyar da ni. Ka bi layi a rubuta maka farashi, ka bi wani ka biya, na'urar POS ta ce babu sabis, ka fita neman tsabar kuɗi, ka dawo da rasit ka sake bin layin farko. Kowane awon jini haka. Wanda ya zo shi kaɗai da mara lafiya, dole ya bar shi a yashe.

Ɗakin kwanan maza a share yake, ana goge shi safe da yamma. Amma ruwan banɗaki yakan ɗauke sai ka ɗebo a bokiti, sauro kuma sai ka zo da gidanka. Da dare nas ɗaya ce ga ɗaki cike da mutane, wata dattijuwa Bayarabiya da ke kiran Kawu Baba, ba ta taɓa yamutsa fuska a kan warin gyambonsa ba. Wani dare wuta ta ɗauke tana tsakiyar wanke masa ciwo, janareta bai kawo ɓangarenmu ba, ni na haska mata da fitilar waya har ta gama ɗaure bandeji. Da aka buƙaci jini aka ce mu kawo masu bayarwa, yaran kasuwarmu suka zo, Allah ya saka musu. Tafinta babu. Yadda Kawu zai riƙa yin allurar insulin, wani mai gadi Basakkwace ne ya fassara masa, a garin da yake da unguwannin da Hausawa suka cika irin su Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gadon da ke kallon namu. Wani tsoho numfashinsa ya sarƙe, tukunyar oksijin ta ƙare, kafin a gungaro wata rai ya yi halinsa. Ɗansa ya taso wa nas ɗin nan da zagi kamar zai doke ta. Da ƙura ta lafa ta juyo gare ni idonta jawur, ta ce, “Alhaji, ba ni nake sayen oksijin ba. Na rubuta tun safe.” Na yarda da ita. Ita ce kawai fuskar gwamnati da yaron ya gani a daren, shi ya sa ta sha zagin. Waɗanda suka sa hannu a kasafin oksijin da man janareta da ɗaukar ma'aikata suna gidajensu, babu wanda ya san sunansu a ɗakin.

Da na ce zan rubuta ƙorafi, Kawu ya kama hannuna. “Ɗan nan, bar wa Allah. Kwana ne ya ƙare. Kuma mu baƙi ne a garin mutane.” Na ce, “Kawu, na yi imani da ƙaddara, amma tukunyar oksijin da kuɗi ake cika ta, kuma akwai wanda aka damƙa wa amanar cikawa.” Manzon Allah (SAW) ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Maganar baƙunci kuma ban karɓe ta ba. Kullum muna biyan tikitin kasuwa, muna da katin zaɓe na Legas, kakanninmu a maƙabartar Agege suke kwance.

Doka ma tana gefenmu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Sai dai hukuncin a kan wanda ke tsaye a ƙofa yake faɗawa, bai kai ga wanda ya kasa samar da gadon ba. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, har yau kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Likitoci na ta ficewa Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage suna yin aikin mutum uku.

Kuma mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da lif ya rufto da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke nan Legas, ta rasu. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kai kuka a kan lif ɗin. Gwamnatin jiha ta kori kamfanin da ke kula da ginin, ta dakatar da shugabar hukumar da ke lura da kadarorinta. Matakin ya dace, amma sai da aka rasa rai. Idan kukan likitoci bai sa an gyara lif ba, ina ga kukan mai goron da ba ya jin Turanci?

Abin da nake nema ba shi da wuya. Kowane asibiti ya liƙa a ƙofa yawan gadajensa, da yawan ma'aikatan dare, da kuɗin da aka ba shi na magani da mai, da sunan jami'in da zai amsa idan abu ya yanke. Ɗan majalisar mazaɓa ya shigo ƙarfe biyun dare ba tare da sanarwa ba. Masu neman ƙuri'a za su sake zuwa fadar Sarkin Hausawa da shinkafa da atamfa kafin zaɓe, a tambaye su wannan a gaban jama'a.

Ga mai shirin zuwa jinya: fara sanin mai asibitin. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba na tarayya ne, asibitin koyarwa na LASUTH da manyan asibitocin unguwanni na jiha ne, ƙananan cibiyoyin lafiya kuma suna matakin ƙaramar hukuma, kowanne da inda ake kai kukansa. Maƙwabcinmu na gado yana da katin inshorar jiha, Ilera Eko, na ga bai sha zirga-zirgar biya kamar mu ba, ya kamata limamai da shugabannin kasuwa su bayyana wa mutanenmu shi da Hausa. Ka adana kowane rasit, ka rubuta ranar da sa'ar da abu ya faru, ka kai takardarka ofishin shugaban asibitin a buga maka hatimi a kwafinka. Idan sakacin likita ne, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ke sauraron ƙarar. Takardar da na rubuta, shugaban kasuwarmu da limaminmu da ɗan marigayin duk sun sa mata hannu, kuma a ciki mun roƙi kada a taɓa nas ɗin.