Kafin ka zuba kuɗinka a babur ɗin ƙanƙara na hawan dutse, ka fara tambayar lafiyar injinsa

Duk wanda ya zauna a yammacin Kanada ko jihohin duwatsu na Amurka irinsu Montana da Idaho da Wyoming ya san da zarar sanyi ya kama, hirar mutane bata wuce babur ɗin ƙanƙara, wato sinomobil. Kuma gaskiya abin yana da shiga rai, ka hau can sama wajen Revelstoke a Kanada ko Cooke City a Montana inda dusar ƙanƙara ke kaiwa mutum ƙirji, ba hanya ba alama, kai da injinka kawai. Toh amma fa wannan injin shine rayuwarka a wurin. In ya buga maka a cikin kwari kilomita 30 daga inda ka ajiye mota, rana na shirin faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, ba maganar kiran makanike bane, ko dai abokan tafiya su ja ka da igiya in wurin zai jawu, ko ka biya jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko maka babur ɗin daga baya. Shi yasa ni in za'a tambayeni wanne za'a saya, bana fara maganar launi ko tsawon bel ɗin ƙasa da yake tafiya a kansa a madadin taya, inji nake fara tambaya.

Kusan duk baburan hawan dutse injinsu mai bugu biyu ne, irin tsarin ƙaramin janareta ɗinnan da ake haɗawa fetur da baƙin mai, ko tsohuwar Vespa. Bashi da kaskon mai a ƙasa kamar na mota, man da ke shafa fistin da boris ɗin karanshaf yana shiga ne kaɗan kaɗan ya ƙone tare da fetur. Bambancin kawai shi wannan akwai famfon da ke auna man da kansa, kuma silinda biyu ce mai cc 850 ko kusa da haka tana bada ƙarfin doki wajen 165, tana juyawa kusan sau 8,000 a minti ɗaya. Ana zaɓarsa ne dan bashi da nauyi, mai bugu huɗu yafi shi juriya nesa ba kusa ba amma in ya nutse a ƙanƙara sai kun haɗu ku uku kafin ku ciro shi. Kaga kenan tun daga masana'anta an sayar da wani kaso na juriya an sayi rashin nauyi, kuma mai hawan dutse baya tausayin totur, yakan riƙe shi a ƙure minti ɗaya ko fiye yana haƙar ƙanƙara a gangare. Babu kamfanin da injinsa baya bugawa, kar kowa ya ruɗeka da wannan.

Bari mu ɗaukesu ɗaya bayan ɗaya. Ski-Doo na kamfanin BRP ne da ke Valcourt a Kwibek, injinsu kuma Rotax ne da ake ƙerawa a Ostiriya. Sun fito da 850 E-TEC a samfurin 2017, kuma abinda ya bambanta shi shine fetur ana fesa shi kai tsaye cikin kan silinda, dan haka baya shan mai da yawa, hayaƙinsa kaɗan ne, yana tashi da wuri ko a tsananin sanyi. Abinda nafi so a 850 ɗin shine sun gyara abinda mutane suka daɗe suna kuka dashi a tsohon 800, wanda boris ɗin gefen karanshaf ɗinsa giris ake cusa musu a rufe, in giris ɗin ya ƙare ko sil ya saki shikenan. A 850 mai ne ke zuwa musu kai tsaye daga famfo, sannan ramin ringin fistin an ƙarfafa shi da baƙin ƙarfe irin na injin dizal. Laifin da aka fi kama na shekarar farko dashi shine cin bel ɗin kuloci saboda zafi, an yi ta gyare gyare a shekarun da suka biyo baya. Lynx ma na BRP ne, daga Rovaniemi a Finlan, injin ɗaya ne, dan haka duk abinda na faɗa ya shafe shi.

Polaris na Roseau a Minesota su ne masu RMK, wato babur ɗinsu na hawan dutse, kuma in maganar sauƙin juyawa ne a gefen dutse mutane da yawa basa haɗa shi da komai. Amma tarihin injinsu sai an faɗi gaskiya. Tsohon 800 na wajajen 2011 zuwa 2015 ya yi suna wajen fasa gindin fistin da gindin silinda, har wasu kamfanoni suka riƙa sayar da kayan gyara na musamman masu dogon fistin dan magance hakan, in ka ga ana tallar na hannu daga waɗannan shekarun da arha toh ka san dalili. Patriot 850 ya fito a samfurin 2019, shekararsa ta farko an samu ƙorafin boris ɗin karanshaf, na bayansa sun fi zama daram. Daga nan sai 9R mai cc kusan 900 a samfurin 2023, mai saurin amsa totur sosai. Wani abu kuma da dole mai sayen na hannu ya duba, a watan Agustan 2022 Polaris ta ce a daina hawa baburanta kusan 230,000 saboda haɗarin tashin wuta a cikin tankin fetur, har sai an yi musu gyara. Ka ɗauki lambar jikin babur ɗin ka kai wa dila ya duba ko an yi wannan gyaran, minti biyar ne.

Arctic Cat na Thief River Falls, shi ma a Minesota, shekaru da yawa injin Suzuki 800 suke sakawa, kuma wannan injin har yau ana yabonsa da taurin rai duk da yana shan fetur da mai ba wasa. Daga samfurin 2018 suka koma nasu na gida C-TEC2 800, sai 858 a samfurin 2025 akan sabon gangar jikin Catalyst. Matsalarsu ba ta inji bace sosai, kamfanin ne ya shiga rububi, Textron da ta mallake shi a lokacin ta dakatar da ƙera su sannan ta sayar da kamfanin a 2025, kuma dilolinsu sun ragu a wurare da dama. Yamaha kuwa ta riga ta fita daga harkar gaba ɗaya, samfurin 2025 ne na ƙarshe, kuma babur ɗinta na dutse Mountain Max dama Arctic Cat ne aka canza wa riga.

Sai maganar turbo, abin da ke tura wa inji ƙarin iska, wadda ita ce ke cinye kuɗin mutane yanzu. Inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da ka hau saboda iska ta yi sirara, dan haka a ƙafa 8,000 kusan kwata na dawakanka sun tafi. Ski-Doo ce ta fara fito da turbo daga masana'anta akan mai bugu biyu a 2020, wanda ke riƙe 165 ɗin har ƙafa 8,000, daga baya Turbo R ya kai 180, Polaris kuma ta kawo Patriot Boost a samfurin 2022. Suna aiki, ba ƙarya. Amma ka tambayi kanka a ina zaka hau. In a Kolorado ne ko Togwotee a Wyoming inda tun daga wurin ajiye mota kana sama da ƙafa 8,000, turbo na da ma'ana. In wurinka bai kai haka ba kuma shekararka ta farko ko ta biyu ce, wallahi 850 mara turbo ya fi ƙarfinka ma, kuma ka huta da ƙarin zafi a ƙarƙashin murfi, da ƙarin sensa da tiyo da zasu iya saki, da saurin cin bel. Turbo na masana'anta daban, wanda wani ya ɗaura a garejinsa daban, shi na biyun ko kyauta aka haɗa maka dashi ka yi tunani, domin garanti ya riga ya mutu tun ranar da aka taɓa kwamfutar injin.

Yanzu abinda yafi sunan kamfani muhimmanci a wajena, wato me ke kashe injinan nan. Na farko kuma wanda yafi bani takaici dan ana iya kauce masa kyauta shine kamewar sanyi. Fistin alminiyom ne, yana kumbura da sauri in ya ji wuta, ita kuwa silinda ruwan sanyi na zagaye da ita bata gama buɗewa ba, mutum ya tada inji a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili ya murɗa totur nan take, fistin ya cika ramin ya goge bango ta kusurwa huɗu. Wani lokacin ba ranar zai mutu ba, zai ɗauki tabon ya yi ta tafiya sai bayan wata guda ya tsaya, mai shi ya ce kamfani ne ya cuce shi. Na taɓa tsayawa a wurin sauke babura na ga wani matashi ya sauko da sabon babur dal daga tirela, ko minti ɗaya bai yi da tashi ba ya fizge shi, raina ya ɓaci kamar nawa ne. Ka bari ruwan injin ya kai wajen digiri 38 zuwa 40 a allo kafin ka matsa masa, kuma ka fara tafiya a hankali. Harma in kun tsaya shan shayi na minti goma a sama, ruwan da ke cikin bututun sanyaya na ƙarƙashi ya huce sosai alhali injin da zafinsa, kana tadawa wannan ruwan zai kwararo masa, toh ka jira lambar ta sauka ta sake hawowa ta tsaya tukunna.

Kishiyarsa kuma obahitin ne. Yawancin baburan dutse basu da lagireto da fanka, ƙanƙarar da bel ɗin ƙasa ke watsawa akan bututun alminiyom ita ke sanyaya ruwa, kuma an rage girman bututun dan rage nauyi. A hanyar shiga daji da safe inda ƙanƙara ta daskare kamar siminti babu abinda ke watsuwa, nan da nan zafi ya hau. Akwai wasu ƙarafa masu kartar ƙanƙara a gefe, ka sauke su duk lokacin da kake kan hanya mai tauri, in lambar ta ci gaba da hawa ka ratse cikin mai laushi ko ka ɗebo da hannu ka zuba a bayan babur ɗin.

Fetur ma haka. Injinan nan fetur mai lambar inganci oktan 91 suke so, wanda ba a gauraya masa sinadarin itanol ba in zai samu. Mai ƙarancin oktan yana fashewa kafin lokacinsa ya riƙa dukan kan fistin har ya huda shi, sensa na ƙoƙarin karewa amma tana da iyaka, shi kuma itanol yana jan ruwa in fetur ya kwana watanni a tanki. Kar ka fara kakar bana da ragowar fetur ɗin bara. Man inji kuma ka tsaya akan wanda kamfanin ya ce, musamman lokacin garanti, na san yana da tsada amma galan nawa zaka saya kafin ya kai kuɗin karanshaf ɗaya? Sai iskar sata, robar da ke tsakanin maƙogwaron iska da inji in ta tsage ko sil ɗin karanshaf ya saki, iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, silinda ɗaya ta ƙone shiru ba gargaɗi. Ragar da ke hana garin ƙanƙara shiga wurin shan iska ita ma in reshe ya yaga ta ka canza a ranar, dan ƙanƙara in ta shiga tana wanke man da ke jikin fistin. Bawul ɗin salansa kuma a riƙa cirewa ana goge baƙin da ke taruwa.

In na hannu zaka saya, kar ka yarda da lambar kilomita kaɗai, kilomita 3,000 na hawan dutse ba ɗaya bane da 3,000 na shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma masu kula da yawa a wajajen nan suke canza fistin da ringi tun kafin su fashe. Ka ce mai shi kar ya tada injin kafin ka zo, kana so ka ji tashinsa a sanyi. A gwada matsin silinda biyun, in bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari akwai magana. A cire fulogi a zura ƙaramar kyamara a ga bangon silinda, ko a cire salansa a leƙa gefen fistin. Dila zai iya jona kwamfuta ya gaya maka awa nawa injin ya yi da sau nawa ya yi obahitin, in mai sayarwa ya ƙi yarda a je toh ka gode masa ka kama hanya. Ka tambayeshi yadda yake ajiye shi da bazara, E-TEC na da tsarin da yake shafe cikinsa da mai da kansa kafin ajiya, sauran kuma akwai man feshi, wanda bai san wannan ba wataƙila boris ɗinsa sun yi tsatsa tun kafin kazo.

Ni dai da kuɗina, 850 mara turbo zan ɗauka wanda injinsa ya kwana biyu a kasuwa, ba shekarar farko ta kowane sabon inji ba komai daɗin tallarsa, wanda ba'a taɓa masa kwamfuta ko salansa ba, kuma da sauran garanti a kansa. Masu yin oda tun bazara sukan samu garanti mai tsawo fiye da wanda ya saya a shago da sanyi, wannan kaɗai ya isa a jira. Tsakanin Ski-Doo da Polaris kuwa zan duba wane dila ne yafi kusa dani kuma yake da kayan gyara a ƙasa da makanike mai hannu, domin kakar gaba ɗaya wata huɗu ce ko biyar, in babur ɗinka ya yi sati shida a layi yana jiran fistin kusan kashi ɗaya cikin ukunta ya tafi. Sannan a cikin jakar baya bel ɗin kuloci na safaya da fulogi biyu da igiyar ja, kuma bel ɗin ka fara ɗora shi ka yi tafiyar kilomita 30 ko 40 a hankali ya zauna kafin ka naɗe shi ka ajiye.