Wa za ka bar wa dabbobin gida in tafiya ta kama, kuma nawa za ka ba shi?

Daga unguwar Bagalam zuwa unguwar Zariya, da wuya ka shiga gida a Maradi ka rasa jar akuya biyu ko uku, rago a turke, kaji, tattabaru, kyanwa, wani gidan har da kare. Ranar da tafiya ta taso, biki a Yamai ne, ko jinya, ko aikin Hajji mai cin kusan wata guda, sai a shiga neman wanda za a bar wa.

Mafi sauƙin kuɗi shi ne yaron maƙwabta ya riƙa leƙowa safe da yamma. Ga tafiyar kwana biyu ko uku, wannan ya wadatar. Amma a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ruwan da aka zuba da safe ba ya kai azahar, don haka sai an ƙara zuwan rana, a ƙara ladansa. Kai dabbobi ƙauye ko wurin makiyayi ya dace da awaki da tumaki in tafiyar mai tsawo ce, sai dai cuɗanya da wani garke kan jawo ciwo. Kaji kuwa ban yarda a kai su wani gida a hunturu ba, lokacin ne annobarsu ta fi yawa. Kyanwa in ta ga baƙon wuri guduwa take yi.

Ni dai, ga gida mai dabbobi iri-iri, na fi son a samu wanda zai kwana a gidan. Ya fi tsada, amma shi ne zai ji kukan akuya mai naƙuda da tsakar dare, shi ne zai lura rago ya daina tuƙa.

Wurin yanka kuɗi ne ake yawan cutar juna. Wasu na lissafi da kai, kowace dabba kaza. Wannan ba adalci ba ne, domin tattabaru ashirin hatsi da ruwa kawai suke so, aikin minti kaɗan, alhali ragon layya guda yana bukatar jiƙa dusa, ba da harawa, share turke da matsar da shi inuwa. A yi lissafi da aiki. A fara da kuɗin zuwa, wanda ba ya canzawa ko dabba ɗaya ce ko goma. Sannan a ɗora wani abu kan kowane aiki mai nauyi: ɗebo ruwa in famfo ya ɗauke, tatsa, ba da magani, kula da mai ciki. A ce kun shirya dala ɗari (sefa 500) a kowane zuwa, sau biyu a yini jika ɗaya (sefa 1,000) ke nan, kwana 10 jika goma. Rago da akuya mai shayarwa su zo da nasu ƙarin. Misali ne kawai, ka tambayi abin da ake biyan ɗan aikin yini a unguwarku ka auna da shi. Kare kuma a ware shi daban. Ba kowa ke son kusantarsa ba, kuma bai kamata a sa ɗan wani gaban karen da ba a yi wa allurar haukan kare ba.

Kada a haɗa kuɗin abinci da ladan mai kula. In aka dunƙule su, ko shi ya ƙwaru ko dabba ta rame. Sayi harawa, dusa da kanwa ka ajiye, ka nuna masa awon da suka saba, don ƙara wa tunkiya hatsi ko dusa farat ɗaya na kawo kumburin ciki.

Ɗan'uwa zai ce, "Haba Yaya, ni da kai har sai an yi ciniki?" Ka ce masa, "Na sani ƙanena, amma lokacinka za ka bari, karɓi wannan." Ku yi magana tun kafin tafiya kan abin da zai faru in dabba ta mutu ko ta ɓace, malamai sun ce wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci. Ba shi rabin kuɗin a hannu, sauran in ka dawo, ka bar masa lambar likitan dabbobi da ɗan abin sayen magani. In kwanakin sun zarce yadda kuka yi, aiko da cikon ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, kada ka bari sai ya tambaya.