Takarda ko kwamfuta a injin casar shinkafa

Alhaji, ka tambaya ko ka bar ma'aikatan injinka na Argungu da littattafansu, ko ka mayar da komai cikin kwamfuta tunda takardu sun cika maka ofis. Na riƙe lissafi a irin wannan wuri a Birnin Kebbi, ga abin da na gani.

Ta fuskar hukuma, kwamfuta ta fi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan kuɗi har shekara 6, rahoton shekara na hukumar rajistar kamfanoni (CAC) kuma ta intanet ake shigar da shi. Harajin albashin ma'aikata ana so ya isa hukumar haraji ta jiha zuwa 10 ga watan da ke biye, wanda ke lalube cikin littafi kuwa sai ya makara. Na taɓa buɗe kwali neman rasit ɗin bara waccan, na tarar gara ta cinye rabinsa. Ranar ban iya cin abinci ba.

A bakin sikeli kuwa, takarda ba ta da na biyu. Manomi ya taso daga Suru da buhu 40 na shanshera, so yake ya ga an rubuta a gabansa, ya ninke ya sa a aljihu. Ga ƙura, ga ɗaukewar wuta, sabis ma sai ya ga dama. Ka ce masa "yana cikin na'ura", ba zai yi musu ba, amma baɗi wani injin zai kai.

Abin da ya dame mu ashe maimaici ne. Mota ɗaya sau huɗu ake rubuta ta: a ƙofa, a sikeli, a sito, a wurin kashiya. Muka haɗe su a fom ɗaya mai lamba a jere da kwafi uku, na manomi, na sito, na ofis. Bayan la'asar akawu ya shigar da na ranar a kwamfuta. Haka zan ba ka shawara ka yi.

Sai dai kafin ka sayi komai, ka zauna da mai sitonka ku kaɗai. Namu dattijo ne, ya ɗauka an daina yarda da shi ne. Da muka ba shi fom ɗin ya gyara, shi ya ƙara gurbin rubuta danshin shinkafa, wanda duk muka manta.