Gargaɗi: An Sayar Mini Da Faifan 2TB Na Bogi, Ya Cinye Mini Hotunan Shekara 11

Jama'a, yau kwana tara ke nan rabona da barcin kirki. Na daɗe ina kai-kawo a raina, in rubuta ko in haɗiye, kunya ce ta riƙe ni. Ni da ake kawo wa laftof ta mutu in tashe ta, ni da nake faɗa wa mutane kada su sayi katin memori ba su gwada ba, wai ni aka sayar wa faifan SSD na bogi, irin faifan ajiyar bayanan kwamfuta mai sauri. An rubuta 2TB a jikinsa, wato 2,000GB. Kwamfuta ma 2TB ta nuna. Abin da ke ciki 58GB ne. Hamsin da takwas! Ni kuwa na juye masa 340GB, sannan na goge na asali da hannuna.

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne ya ja mini, ku tsaya ku ji. Ban je wajen baƙon da ban sani ba. Mutumin nan a rukuninmu na masu harka da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, na san shi, ya fi shekara yana ciki, yana amsa tambayoyin mutane, kuma amsar tana yin aiki. Lokacin da wayafai ɗin wata tsohuwar laftof ya ƙi tashi bayan na sa mata Linux Mint, shi ya ce in duba ko katin Broadcom ne. Na duba, shi ne, ya faɗa mini direban da zan sauke, cikin minti goma ta kama intanet. Mutumin da ya san wannan, ta yaya za ka zaci ɗan damfara ne? Ya san lsblk mai jero faifai, ya san rsync mai kwafar fayiloli, har musu yake yi da mutane a kan Debian da Arch, nau'o'in Linux. Kuma farashin da ya faɗa ba irin arahar nan ba ce da ke sa mutum ya tsargu. Ya ce faifan an ɗan yi amfani da shi, shi ya sa ya rage kaɗan. Kaɗan ɗin ne kawai ya rage. Kuɗin da na yi wata uku ina tarawa na tura masa, wata uku cur, ban ko nemi ragi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran bidiyon. Kullum sai ya dawo mini. Ya ɗora faifan a tafin hannunsa, baƙi, mai sheƙi, ya juya shi gaba da baya, ya soka a kwamfutarsa, ya buɗe ya nuna mini girman a allo. Ya kwafa wani bidiyo a ciki, ya kunna, ya yi. Sai ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai kai ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka fi ni sanin harkar nan.” Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. A lokacin a bakina akwai tambaya, ina so in ce ya kunna f3probe, manhajar da ke gano ainihin girman faifai, a kansa ina kallo. Wallahi tana kan harshena. Sai na ji nauyi, na ce mutumin da ya taimake ni kyauta, yanzu in nuna masa ban yarda da shi ba? Na haɗiye. “Ka fi ni sanin harkar nan.” Na ce masa ba komai ɗan'uwa, turo lambar asusu.

Dalilin sayen ma ba na alatu ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, laftof ɗin gidanmu kuma tsohuwar ThinkPad ce da ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Na ce bari in mayar da ita Linux gaba ɗaya kamar yadda na yi wa sauran. A kanta komai na gida yake. Duk wayar da muka canja tun haihuwar babbar 'yata, a nan nake juye hotunanta. Hoto 14,206, na san adadin domin har yanzu sunayensu na nan ina kallo. Da bidiyoyin yara suna koyon tafiya. Da muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na ɗauka a waya shekara biyu kafin rasuwarsa yana ba mu labarin ƙuruciyarsa, kusan awa ɗaya.

Kada kuma a ce ban gwada faifan ba, na gwada. Ranar da ya iso, ko washegari ne, na manta, na kwafa fayil ɗin ISO, irin wanda ake sa Linux da shi, na kusan 3GB a ciki, na cire faifan, na mayar, na yi masa sha256sum, gwajin da ke nuna ko fayil ya sauya, lambar ta fito daidai da ta asali. Na sake da wani, daidai. Na gwada smartctl don in ga lafiyarsa, bai amsa ba, amma duk wanda ya yi harka da faifan waje ya san da yawansu ba sa bari a karanta SMART, wato rahoton lafiyar faifai, ta USB, to ban ɗauke shi a bakin komai ba. Mutum nawa ne suke yin ko rabin wannan gwajin? Na yi abin da mai hankali zai yi. Ɓarawon ne ya riga ya shirya wa irin wannan gwajin.

Ga yadda suke yi, domin sai da na sha wuya na fahimta da kyau. Kwamfuta ba ta auna girman faifai da kanta, tambayar faifan take yi, abin da ɗan ƙaramin guntun da ke sarrafa shi ya faɗa shi take rubutawa. Su kuma sai su sauya wa guntun nan bayani ya riƙa cewa 2TB. Duk abin da ka zuba a farko, matuƙar bai wuce ainihin girman ba, zai zauna lafiya lau, shi ya sa gwajina na 3GB ya wuce, shi ya sa bidiyonsa ya kunnu. Da zarar ka haura, wani irin yana komawa farko ya hau kan tsofaffin fayiloli, wani kuma yana karɓa ya zubar a iska ya ce ya ajiye. Nawa irin na biyun ne. Jerin sunayen fayiloli kuwa yakan tsira, don haka za ka ga folda-folda, suna, girma, kwanan wata, komai tsaf. Ka buɗe, sifili ne zalla a ciki.

Na tsallake wani abu. Daren da nake kwafin, na tashi laftof ɗin da filas ɗin Linux Mint na sa rsync, na ga gudun bai wuce 10MB zuwa 12MB a daƙiƙa ba. SSD da ya kamata ya yi ɗaruruwa. Na yi lsusb -t, ya nuna 480M, wato a USB 2.0 mai jinkiri yake tafiya, alhali a shuɗin rami mai sauri na soka shi. Gabana ya ɗan faɗi. Na tura masa saƙo da daren nan, ya amsa nan take, ya ce, “Yaya, kebul ɗin ne, na manta na sa maka tsoho a kwalin, zan aiko maka da wani.” Na yarda. Sau biyu ke nan. Na kwanta na bar shi yana yi, da safe rsync ya gama ba kuskure ko ɗaya. Na buɗe Documents, takardu suna buɗewa. Na buɗe Downloads, lafiya. Na leƙa Pictures na ga foldodin shekaru a jere, ban buɗe ko hoto ɗaya ba saboda ina sauri. Na danna goge faifan cikin laftof a sa Linux Mint.

Rsync bin haruffa yake yi. Desktop, Documents, Downloads, sannan Music, Pictures, Videos. Downloads ɗina kuwa cike yake da fayilolin ISO, Ubuntu, Fedora, Debian, tsofaffi da sababbi, sun fi 50GB, abubuwan da zan iya sake saukewa kyauta ko yau. Su suka cinye 58GB ɗin gaskiya. Kafin layi ya zo kan hotunan 'ya'yana da muryar babana, wuri ya ƙare, faifan yana karɓa yana zubarwa yana cewa an ajiye. Idan na tuna wannan sai in ji kamar ƙirjina zai tsage.

Bayan kwana huɗu maiɗakina ta ce in turo mata hoton 'yarmu na ranar da ta fara makaranta. Na soka faifan, na danna hoton, ya ƙi buɗewa. Na danna na kusa da shi, ya ƙi. Na shiga wata shekarar, haka. Tana tsaye a kaina da wayarta a hannu tana jira, tana cewa, “Baban yara, lafiya?” Na buɗe fayil ɗin da hexdump mai nuna ainihin abin da ke cikin fayil, layi ɗaya na sifili ya fito sai alamar tauraro, wato sifili har ƙarshe, shi ke nan. Zufa ta karyo mini. Na kasa ɗaga kai in kalle ta.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata a yi a kiran bidiyon nan. Na kwashe ɗan abin da ya tsira, na kunna f3probe. Bai ɗauki lokaci ba ya ce faifan jabu ne, girman da yake iƙirari kusan 2TB, wanda za a iya amfani da shi 58GB. Na sa sukurudireba na ɓalle kwanson. Babu SSD a ciki sam. Ɗan allo ne ƙarami kamar faɗin yatsa biyu, an soka masa katin microSD mara suna, an danne da gam mai zafi, a gefe kuma an manna wani guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Ƙarfen nan shi na gani yana aunawa a tafinsa yana murmushi. Kuɗin wata uku na ba da a kan guntun ƙarfe da katin memori.

Na gwada ceto daga laftof ɗin, kada ku tambaye ni, na gwada. PhotoRec, mai dawo da fayilolin da aka goge, ya kwana biyu yana bincike. Amma faifan cikinta ma SSD ne, kuma idan aka yi wa SSD sabon fomat, tsarin yana sanar da shi cewa wuraren nan babu kowa, shi kuma ya share su da gaske. Abin da ya dawo mini da shi gumakan Linux Mint ne da hotunan bangon allo. Ko hoto ɗaya namu babu. Maiɗakina ta tattaro kusan 300 daga tsohuwar wayarta da wajen 'yan'uwa. 300 cikin 14,206. Muryar Baba kuwa babu wanda yake da ita sai ni.

Shi kuma fa? Da na tura masa hoton cikin faifan, sai ya ce inna lillahi, shi ma haka aka kawo masa, yaudararsa aka yi, zai mayar mini da kuɗina ranar Litinin. A'a, kafin nan ma sai da ya fara cewa ni na lalata shi da fomat, wai irin wannan faifan fomat ɗin exFAT kawai yake so. Ban taɓa yi masa fomat ba! Da na nuna masa sakamakon f3probe ne ya koma kuka. Litinin ta zo ta wuce. Talata na ga ya fita daga rukuni, ya goge saƙonninsa, ya toshe lambata, ya yi layar zana. Wanda aka yaudara ba ya gudu haka. Kuma wanda ya san direban Broadcom da ka ba zai ce bai san abin da 480M ke nufi ba. Ya sani sarai lokacin da yake ce mini kebul ne. Ya san a daren nan hotunan iyalina nake zubawa, domin na faɗa masa da bakina, ya ce Allah ya sa albarka. Tun da na fara magana, mutum biyu daga rukunin sun same ni a ɓoye sun ce su ma sun saya a wajensa. Ɗaya bai ma sani ba sai da na sa shi ya gwada, domin bai kai 58GB ba tukuna.

Ina da komai a ajiye. Hoton allon hirarmu kafin ya goge, shaidar tura kuɗi, sakamakon f3probe, hoton katin da gam da ƙarfen. Zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusu da sunayen waɗanda ba ruwansu. Masu kula da rukunin sun riga sun karɓi nasu.

Duk faifai ko filas ko kati da kuka saya, ko daga hannun wa, ku cika shi taf ku karanto kafin ku yarda da shi: f3write da f3read a Linux, H2testw a Windows. Ko zai kwana yana yi, ku bar shi. Kada ku goge na asali sai kuna da kwafi biyu kuma kun buɗe sun buɗu.

Kai kuma, na san kana da wata lambar a rukunin, na san za ka karanta wannan. Ka ci kuɗin wata ukun, na bar ka da su. Amma ka kira ni Yaya, ka ji na ce muryar mahaifina zan ajiye, ka ce mini kebul ne. Allah ya isa tsakanina da kai. Fayil ɗin yana nan a gabana yanzu haka, da sunansa da kwanan watansa, 54MB, na danna shi ya fi sau ashirin.