Binciken yaron da ya yi jinkirin tafiya da magana a Katsina: gwajin da ya biya da wanda zai iya jira

Wannan sharhi ne kan binciken da ake yi wa yara masu jinkirin girma a sashen yara na wani asibitin gwamnati a birnin Katsina. Mun bi layin da ɗanmu mai wata 20, wanda bai taka ba, bai kuma furta kalma ba, kuma har yau ba a sa wa matsalar suna ba. Aikin likitan yara ya gamsar da ni. Inda aka gaza shi ne jeri: ana miƙo wa iyaye takardun gwaji a dunƙule, ba mai cewa wanne za a fara, wanne zai jira, alhali masu arahar sun fi masu tsadar amfani.

Zaman farko tambayoyi ne, kuma a nan rabin aikin yake. Ya yi kuka nan take da aka haife shi? Shawara ta kama shi a makon farko? Ya yi sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga jijjiga? Auren zumunci ne? Ana sa masa kwalli? Kada tambayar kwalli ta ba ku mamaki, wani kwallin gargajiya dalma ce zalla, kuma tun da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 likitocin yankin nan ba sa wasa da dalma. Ku zo da katin awo, katin rigakafi, da gajerun bidiyo na yadda yake wasa da cin abinci, domin yaro a gaban likita ko dai ya yi ta kuka ko ya ƙanƙame uwarsa. Za a auna kewayen kansa da tef. Awo ɗaya ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da na baya.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna kusan duk yara masu lafiya kan zauna da kansu zuwa wata 9, su yi tafiya kafin wata 18. Bakwaini ana rage masa makonnin da ya riga zuwa. Kakanni za su ce nauyin ƙafa ne, ubansa ma haka ya yi, wani lokaci kuma gaskiyarsu. Amma in jinkirin ya haɗa fanni biyu, kamar ƙafa da baki, ko yaro ya manta abin da ya riga ya iya, to ba maganar jira ba ce.

Gwajin jini shi ya fi cancantar kuɗinsa. Ku roƙi a ɗiba sau ɗaya a raba kwalabe: ƙidayar jini, gwajin sikila, TSH da T4 na tayirod, wato halittar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, sai CK ga namijin da bai taka ba a wata 18, don kawar da ciwon lalacewar tsoka na Duchenne. Na tayirod ne bai kamata a tsallake ba ko da aljihu ya yi nauyi. Ba a yi wa jarirai shi a matsayin doka a ƙasar nan, ga shi maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma duk watan da aka ɓata ƙwaƙwalwa ce ke biya. Wani lokaci takardar sakamako kan zo da ma'aunin manya, don haka likitan yara ne zai karanta, ba ku ba. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya kafin ta shiga fayil.

Gwajin ji ne ya fi rikita iyaye, domin iri biyu ne kuma ba ɗaya suke aunawa ba. OAE ɗan robar kunne ne, minti kaɗan, yana duba ko dodon kunne na ciki yana amsa sauti. Dattin kunne, ruwan mura a bayan fatar kunne, ko kukan yaro duk kan sa yaro ya faɗi gwajin ba tare da kurumta ba, sai a share a maimaita. ABR kuwa ana manna wayoyi a goshi da bayan kunnuwa yaro na barci, a bi sautin ta jijiya har gindin ƙwaƙwalwa. Ga inda ake tafka asara: yaron da shawara ta yi wa illa zai iya cin OAE sumul, alhali jijiyar ce ta lalace. A ce muku kunnensa lafiya lau, ku koma gida ku zauna shekara. In akwai tarihin shawara mai tsanani ko sanƙarau, ku tsaya kai da fata sai an yi ABR, ko da za a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne, iska da inuwa ma kan sa ya waiga.

EEG, wato gwajin da ake manna wayoyi a ka don auna lantarkin ƙwaƙwalwa, ba na kowa ba ne, na wanda ake zargin farfaɗiya ne. A wanke kai a hana shi mai, domin mai kan hana wayoyin kamawa, a tashe shi da wuri don ya yi barci a kan gadon gwaji, kada kuma a dakatar da magani sai likita ya ce. Sakamako mai kyau bai kore farfaɗiya ba, mintin 20 zuwa 30 kawai na'urar ta gani. Jaririn da ke dunƙulewa farat ɗaya a jere, musamman in ya farka, wanda ake ɗauka ciwon ciki ne, shi kam EEG ɗinsa na gaggawa ne.

MRI, wato hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a cikin babbar na'ura, shi iyaye suka fi ƙwallafa wa rai, ni kuwa a ƙarshe nake sa shi, sai in kai ya yi ƙanƙanta ko girma, ɓangare ɗaya ya sandare, akwai jijjiga, ko yaro na komawa baya. Dole ya kwanta ba motsi na minti 30 zuwa 45, don haka sai da maganin barci. Ƙa'idar da aka saba: a tsayar da abinci da madarar gwangwani awa 6 kafin lokaci, nono awa 4, ruwa awa 2. Cokali ɗaya na koko a hanya, ko tari da majina, ya isa a ɗage ranar, masu tasowa daga Daura da asuba su lura. Ku karɓi hotunan kansu a faifai, ba rahoto kaɗai ba. Kafin shekara 2 rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba ta gama saƙuwa ba, shi ya sa hoton ke buƙatar ƙwararren ido, kuma da yawa kan fito babu komai duk da jinkirin na nan. Muddin maɗiga ba ta rufe ba, hoton sauti (ultrasound) ta wurinta ya fi araha kuma ba ya buƙatar barci.

Gwajin ƙwayoyin gado yawanci sai an tura jinin Legas ko ƙasar waje, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Nau'insa da ake kira microarray kan gano dalili a wajen yara 15 zuwa 20 cikin 100. Ga masu auren zumunci, ko in wani ɗan ya yi irin wannan, wani nau'in da ake kira exome ya fi kamo cututtukan da uwa da uba ke haɗuwa su bayar.

Sashen gashin ƙashi, wato masu motsa gaɓoɓi, shi na ba maki mafi yawa, kuma ba ya jiran sakamakon kowa, a nemi takardar turawa tun zaman farko. Zuwa sau ɗaya a mako ba ya wadatarwa, sai an maimaita a gida kullum. Uwa ta ce wa mai gashin, "Malama, ki kama hannuna ki nuna mini," a ɗauki bidiyo. Kwanciyar ruf da ciki a tabarma da tawul a naɗe ƙarƙashin ƙirji, tsayuwa a jikin kujera, waɗannan ake so. Keken da ake cusa yaro ciki a ajiye shi, yana koya masa ɗage dugadugi. Masu koyar da magana sun yi ƙaranci sosai, don haka a sa sunansa a layi tun ranar da sakamakon ji ya fito.