Harsashin .375 H&H, tsohon da ya ƙi ritaya

Gaskiya ni dai harsashin nan ban ga na biyunsa ba. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fitar da shi tun 1912, amma har yau Turawan da ke zuwa farautar lasin a dazukan kewayen Benuwai da Faro, nan arewacin Kamaru, yawanci shi za ka gani a jakarsu, na sha ɗaukar musu kaya ai na sani.

Sirrin yana jikin kwanson ne, doguwa ce siffarsa kuma ya tsuke a hankali zuwa wuya, shi ya sa ko a zafin watan Maris da ƙarfe ke ƙona hannu kana jan sakatar bindiga bayan harbi kwanson zai fito sumul ba ya maƙalewa, kuma in ɓauna mai rauni ta juyo kanka wallahi wannan ne kawai abin da kake roƙo. Mai nauyin giram 19 yana gudun wajen mita 770 a daƙiƙa, ya ishi ɓauna ya ishi gwanki. A Tanzaniya ma doka ba ta yarda ka harbi dabba mai haɗari da harsashin da kaurinsa bai kai .375 na inci ba.

Aibinsa? Tsada kam akwai, ga dukan kafaɗa, ranar farko da na gwada kwana biyu ina shafa man zafi. Bindigar kuma nauyi kamar taɓarya.

An kawo wani sabon harsashi, .375 Ruger, a 2007 wai zai ture shi, to har yanzu dai muna jira.