Kadha ko Chyawanprash: wanne za a ba mai tari da mura?

Hajiya, na ga tambayarki tun da safe. Kin ce maigida ya dawo daga jinya a Indiya da tsaraba iri biyu: kwalbar wani abu baƙi mai danƙo da aka rubuta wa Chyawanprash, da ƙunshin garin da ake kira kadha. Ga hunturu ya shigo, yara sun fara tari, kina son sanin wanne ya fi, kuma da gaske ne suna ƙara garkuwar jiki? Na yi wata biyu a Delhi ina jinyar mahaifiyata a tsakiyar sanyinsu, na sha duka biyun, kuma tun daga lokacin nake bibiyar abin da ake faɗa a kansu. Gaskiyar magana, ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka ba a cewa wannan ya fi wancan sai an san me ake nema.

Kadha dai tafasasshen kayan ƙamshi ne, kusan abin da za mu kira shayin citta mai ƙarfi. Matar da muka kama ɗaki a gidanta ce ta fara haɗa mini, ranar da ta ji muryata ta dishe. Tana da shukar tulsi a tukunya a bakin ƙofa, kamar yawancin gidajen mabiya addinin Hindu. Ta tsinko ganye kamar goma, ta daka busasshiyar citta da masoro da ɓallin kirfa a ɗan turmin ƙarfe, ta zuba a ruwa kofi biyu, ta bar shi a wuta har ya koma kofi ɗaya. Sannan ta jefa gutsuren abin zaƙinsu da suke kira gur, wanda ina ɗanɗanawa na ce ai mazarƙwaila ce. Kurɓa uku na yi, zufa ta karyo mini, hancina ya buɗe.

Wannan haɗin ne ma'aikatar gwamnatin Indiya mai kula da magungunan gargajiya, wato AYUSH, wadda aka kafa a 2014, ta tallata a 2020 lokacin korona da sunan Ayush Kwath: tulsi kashi 4, kirfa kashi 2, busasshiyar citta kashi 2, masoro kashi 1. Ana ɗiban giram 3 na garin a zuba a tafasasshen ruwa mililita 150. Ki duba bayan ƙunshin da aka kawo miki, da wuya ya yi nisa da wannan. Kin ga ke nan ban da tulsi babu abin da ba ya cikin kicin ɗinki. Shi ma tulsin ɗan uwan ɗaɗɗoya ne, dangi ɗaya suke ko da yake ba ganye ɗaya ba ne. Citta kuwa, ta Kaciya da ke kudancin Kaduna tana cikin wadda 'yan kasuwar Indiya ke saya.

Chyawanprash kuwa wata duniya ce daban. Lasa ake yi, ba a tafasawa. Tushensa 'ya'yan itacen amla ne, wasu 'yan ƙanana masu tsananin tsami da ke da sinadarin bitamin C sosai. Ana dafa su a tace, a soya da man shanu da man riɗi, a haɗa da sukari da zuma da saiwoyi da ganyayyaki da suka kai arba'in ko fiye. Bayanin haɗinsa yana cikin Charaka Samhita, tsohon kundin Ayurbeda, wato likitancin gargajiyar Indiya, da ya kai shekara dubu biyu, kuma sunan ya samo asali ne daga wani tsohon malaminsu, Chyawan, da suke cewa da shi ya dawo da ƙuruciyarsa. Kamfanin Dabur, wanda aka kafa a Kalkata a 1884, ya fara sayar da shi a 1949. A rabe-raben Ayurbeda, suna sa shi cikin abin da suke kira rasayana, wato abin gina jiki a hankali. Cokali ɗaya da safe, a bi da madara mai ɗumi, a yi ta yi tsawon lokacin sanyi. Ban taɓa ganin wanda mura ta kama a Delhi ya ruga ya buɗe kwalbar nan ba. Tukunyar kadha ake ɗorawa.

To idan aka jera su: ranar da maƙogwaro ke ƙaiƙayi, hanci ya toshe, jiki ya yi nauyi, kadha ce ta ranar. Ɗuminta da yajinta suna sassauta majina, suna kwantar da maƙogwaro, mutum ya samu ya yi barci. Ba ta kashe ƙwayar cutar mura, ita mura kan yi kwanakinta, mako guda zuwa kwana goma, ta wuce. Amma sauƙin da ake samu na gaske ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ta kwana tana jin tarin ɗanta. Chyawanprash ba zai tsayar da tarin daren yau ba. Inda na ga amfaninsa shi ne wajen tsoho ko wanda ya tashi daga ciwo bakinsa ba ya son abinci. Mahaifiyata ta ƙi cin komai bayan an yi mata aiki a asibiti, amma da likitanta ya amince, takan lashi cokalinta ta sha madara, daga nan aka samu ta fara karɓar tuwo.

Batun garkuwar jiki kuwa, a nan nake so mu yi hattara, domin kalmar ta zama jarin masu talla. Babu ɗayansu da aka tabbatar yana hana kamuwa da cuta yadda allurar rigakafi ke yi. Gwaje-gwajen da aka yi wa Chyawanprash yawancinsu ƙanana ne, wasu kuma kamfanonin da ke sayar da shi ne suka ɗauki nauyinsu. Ni ina ɗaukarsa a matsayin abinci mai gina jiki. Ba raina ilimin mutanen nan nake yi ba, Allah ya sani. Akwai ganyen da suke kira vasaka, sun daɗe suna ba masu tari, kuma daga sinadarin da ke cikinsa aka samo hanyar ƙera bromhexine, maganin narkar da kaki da ake sayarwa a kemis ɗinmu. Amma abin da aka auna aka gani daban, abin da aka rubuta a jikin kwalba daban.

Kowannensu kuma da inda yake cizo. Chyawanprash sukari ne ya kai rabinsa ko fiye, shi ya sa ita kanta ma'aikatar AYUSH ta ce masu ciwon suga su nemi wanda ba a sa wa sukari ba. Tunda akwai zuma a ciki, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, kamar yadda ba a ba shi zuma zalla. Kadha kuma zafi gare ta. A 2020 likitoci a Indiya sun yi ta kokawa da mutanen da suka mayar da ita ruwan sha, suna zuwa da haɓo da ƙurajen baki da ƙwannafi. Mai gyambon ciki ya kiyaye, mai juna biyu ta tambayi ungozomar asibiti, haka wanda ke shan maganin tsinka jini ko na farfaɗiya, domin citta da masoro kan taɓa aikin wasu magunguna. Wannan ya shafi maigida kai tsaye tunda daga jinya ya fito: ya nuna wa likitansa kafin ya fara. Idan kin ga an rubuta mulethi a cikin kayan haɗin, wata saiwa ce mai zaƙi da ke ɗaga hawan jini in aka daɗe ana sha. Idan kin ga giloy, wani tsiro mai yaɗo da suke magani da shi, ki sani cewa a 2021 likitoci a Mumbai sun ba da rahoton mutum shida da hantarsu ta taɓu bayan shansa, duk da ma'aikatar ta musanta cewa shi ne sanadi. Ni dai ba na sa shi a gidana.

Abu biyu kuma da suka shafe mu musamman. Wasu nau'o'in Chyawanprash masu tsada ana ƙara musu tokar ƙarafa da suke kira bhasma. Wani bincike da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2004 ya auna magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a shagunan Boston, aka samu dalma ko zaiba ko gubar asanik a cikin 14. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Ki zaɓi na gama-gari wanda babu wannan kalma a jikinsa. Na biyu, magungunan ruwa na tari da sunansu ya ƙare da arishta ko asava, tsima su ake yi har su yi barasa, wadda kan kai kashi 12 cikin ɗari. Naki biyun ba sa cikinsu, amma masu dawowa daga Indiya kan haɗo da su ba tare da sun sani ba.

Da ni ce, yaran da suka haura shekara biyar zan dafa musu kadha mara ƙarfi, rabin kofi sau ɗaya ko biyu a rana, in rage masoron sosai, in bari ta huce kafin in sa zuma, kuma ba zan wuce kwana biyar ba. Ƙananan kuwa ruwan ɗumi da cokalin zuma kafin barci ya wadatar, muddin sun wuce shekara. Kwalbar Chyawanprash in ajiye wa manya, in babu mai suga. Amma Hajiya, don Allah ki riƙa kallon ƙirjin yaran. Idan numfashi ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa in an ja iska, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko yaro ya ƙi nono da ruwa, a tafi asibiti a ranar. Tarin da ya kai mako biyu kuma, ga babba ko yaro, a je a gwada kaki saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Allah ya ba yaran lafiya, ya ƙara wa maigida sauƙi.